Theatre Tokens: katin kyautar kallon wasan daɓe a Ingila

Wanda ke son yi wa ɗan'uwa ko aboki da ke zaune a Ingila kyautar kallon wasan kwaikwayo na daɓe yana da hanya biyu. Ko dai ya sayi tikiti mai rana da lambar kujera, ko ya sayi katin Theatre Tokens, wanda ƙungiyar gidajen wasan Landan, Society of London Theatre, ke gudanarwa tun 1984. A ganinmu katin ya fi, kuma dalilin ba boyayye ba ne.

Tikiti mai rana, da zarar an biya, yawanci ba a mayar da kuɗi. Wasu gidajen kan yarda a sauya rana idan an sanar da su kwana ɗaya ko biyu kafin lokaci, amma sai an ƙara wani abu, kuma mai sayen ne zai nemi sauyin tun da sunansa ke kan rasit. Ga kuma batun da mai sayar da tikiti ba zai tuna maka ba, wato lokacin salla. Wasan rana kan fara da misalin 2:30, na dare 7:30, kowanne kuma kan ci kusan awa biyu da rabi, da hutun minti 15 zuwa 20 a tsakiya. A watan Disamba magariba na faɗuwa a Landan kafin ƙarfe 4, ke nan wasan rana zai haɗiye ta. A watan Yuni sai bayan ƙarfe 9, ta faɗa cikin wasan dare. Mai zuwa kallon shi ya san yadda zai tsara ranarsa, balle idan azumi ya kama.

Babban abin yabon katin shi ne ba ya da ranar ƙarewa. Katunan wasu kamfanoni kan mutu bayan shekara ɗaya ko biyu, kuma a gidajensu kaɗai suke aiki. Wannan kuwa ana karɓarsa a gidajen wasa fiye da 200 a faɗin Birtaniya, har da rumfar TKTS ta dandalin Leicester Square mai sayar da tikiti da rangwame. Ana iya aika shi ta gidan waya ko ta imel, na imel ɗin ne ya fi wa mai saye daga nesa sauƙi. Idan kuɗin ciki bai kai ba a cika da katin banki, idan ya yi saura ya zauna sai wani zuwan.

Inda yake ba da wahala shi ne wajen kashewa. Ba kowane shafin sayar da tikiti ke karɓarsa ba. Wasu gidajen sai ta tarho ko a tagar sayar da tikiti, dillalai da yawa kuma ba ruwansu da shi. Dole a fara duba jerin gidajen a shafin Theatre Tokens a ga ta wace hanya kowanne ke karɓa. A adana lambar katin da lambar sirrinsa, domin duk wanda ya same su ya samu kuɗin.

Nawa za a zuba? Kujerun West End, unguwar manyan gidajen wasan Landan, kan tashi daga wajen fam 25 zuwa sama da fam 150. A sa kuɗin mutum biyu, don da wuya mutum ya tafi shi kaɗai, kuma a tuna da kuɗin hidima da akan ɗora a kan tikiti. Katin fam 30 zai kai mutum can ƙololuwar bene ne, inda wuri ya matse gwiwa, ko bayan ginshiƙi. Gidajen tsofaffin gine-gine ne, da yawa ba su da lif, saboda haka idan dattijo ne ko mai ciwon ƙafa a ba da abin da zai isa kujerar ƙasa ko bene na farko.

Mai yara ya duba ƙa'idar shekaru, don yawancin gidajen ba sa shigar da ƙananan yara ƙwarai, kuma kowane yaro sai da tikitinsa. A isa da rabin awa kafin a fara, domin wanda ya makara kan tsaya a waje sai an samu giɓi a wasan, wani lokaci har sai hutun tsakiya.