Liqui Moly Pro-Line Engine Flush a tsohuwar Sienna: inda yake da amfani da inda zai iya sa inji ya buga

Gwangwani ne na mililita 500 daga kamfanin Liqui Moly na Jamus, kuma aikinsa wanke cikin inji kafin juyen mai. Yadda ake amfani da shi ba wuya: a ɗuma inji, a zuba shi cikin tsohon baƙin mai, a bar mota a sulo minti 10 zuwa 15 ba tare da an taka totur ko an motsa ta ba, sannan a juye man a canza filta. Gwangwani ɗaya yana isar mai har lita 5, wato ya yi daidai da Toyota Sienna ta 1998 zuwa 2003 mai injin 1MZ-FE, wadda ke shan kusan lita 4.7 haɗe da filta. Maganin yana yin abin da aka ce yana yi. Matsalar ita ce mafi yawan masu neman sa sai laka, wato daskararren mai, ta riga ta cika inji suke tunawa da shi, kuma a wannan matakin ya fi zama haɗari a kan magani.

Wannan inji mai silinda 6 ya yi ƙaurin suna wajen daskarar da mai. A 2002 Toyota ta amince za ta ɗauki nauyin gyaran irin wannan lalacewa har shekara 8 ga masu motocin a Amurka, daga baya kuma aka sasanta wata ƙarar haɗin gwiwa a kan batun a 2007. Abin da ke haɗa lakar sananne ne. Saman injin yana ɗaukar zafi sosai, motar iyali kuwa aikinta gajerun tafiye-tafiye ne da tsayuwa a cunkoso, inda mai ba ya daɗewa da zafin da zai kore tururin ruwa da fetur da suka sulale cikinsa. In aka haɗa da jinkirin juye da toshewar bawul ɗin PCV, mai zuƙe hayaƙi daga cikin inji, sai man ya yi kauri ya fara manne wa ƙarfe.

Kafin ka sayi gwangwanin, ka san irin lakar da kake da ita. Kada ka yarda da abin da ka gani ta bakin zuba mai. A wannan inji akwai wani faranti a ƙarƙashin murfin da ke tare ido, kuma shi kansa yakan yi baƙi ƙirin ko da cikin lafiya lau yake. Sandar gwajin mai ma ba ta faɗin gaskiya, don mai yana iya fitowa garau alhali laka tana zaune a sama. Abin da zai raba gardama shi ne cire murfin saman inji na gaba, wanda ke kusa da lagireto. Aikin kamar awa ɗaya ne, sai dai ka tanadi sabuwar robar murfin don tsohuwar takan bushe ta karye. Na baya sai an sauke bututun shigar iska kafin a kai gare shi, saboda haka a bar shi tukuna.

In ka buɗe ka tarar ƙarfen ya rine launin zuma ko ruwan goro, ka shafa yatsa bai kwaso komai ba, wannan tsufa ne kawai. In akwai baƙar laka mai laushi kamar giris a kusurwoyi da kan kusoshi, amma ramukan da mai ke bi ya koma ƙasa a buɗe suke, to nan ne wurin aikin wannan magani. In kuwa lakar ta lulluɓe komai kamar kwalta, ko ta yi tauri tana ɓarewa kamar gawayi in ka soka mata sukundireba, ka ajiye gwangwanin. Akwai kuma laka mai fari-fari ko ruwan ƙasa mai haske. Ita ruwa ne a cikin mai. Kaɗan a jikin murfi lokacin sanyi raɓa ce ta gajerun tafiye-tafiye, amma in tana da yawa kuma ruwan lagireto yana raguwa, gasket ɗin kan inji za a bincika, ba wanki ba.

Gwaji na biyu shi ne ƙarfin tura mai. A cire suwicin fitilar mai, a ɗaura geji na hannu a gurbinsa, a gwada bayan inji ya yi zafi sosai. A sulo bai kamata ya gaza kilofaskal 29 ba (kPa a fuskar geji), a juyi 3,000 a minti kuma ya tsaya tsakanin 294 da 539. Fitilar dashbod ba ta kamawa sai abin ya riga ya ɓaci. In tana ƙyaftawa a sulo, ko inji yana ƙara ƙwas-ƙwas na 'yan daƙiƙoƙi da safe, ko allurar geji ta ƙi tashi yayin da ake ƙara wuta, to rariyar famfon mai ta fara toshewa.

Wannan rariyar ita ce cibiyar maganar duka. Wani ɗan raga ne a bakin bututun da famfo ke zuƙo mai daga kwanon ƙasa, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Laka mai laushi maganin yana narkar da ita ta bi mai ta fita. Mai tauri kuwa ba ta narkewa cikin minti 15, saki take yi ta faɗo ɓawo-ɓawo, ta gangara kwano, famfo ya zuƙo ta ta manne a ragar. Filta ba zai cece ka ba, domin mai sai ya wuce rariya da famfo kafin ya iso gare shi. Mota za ta tashi lafiya bayan juye, ta yi kwana biyu, sai a kan babbar hanya mai ya yanke wa metal, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu, inji ya buga. Wannan ba laifin gwangwani ɗaya ba ne, haka duk wani maganin wanki mai ƙarfi yake, kuma masu zuba dizal ko kananzir sun fi shiga haɗari tun da waɗannan suna tsinka mai ba tare da wani sinadarin kare ƙarfe ba.

Inji mai laka mai tauri da hannu ake wanke shi. A cire murafun sama biyu, a toshe ramukan komawar mai da tsumma mai tsabta, a kankare da abin kankarewa na roba ko katako ana zuƙewa da injin shara, kada a hura da iska don tura ta ciki za a yi. A sauke ƙaramin kwanon ƙarfe na ƙasa, a kwance rariyar a wanke ko a canza ta, da sabon gasket ɗinta. Kwanon da gam ake manne shi, kuma siririn layi ya isa. Wanda ya lafta gam ya shuka wata toshewar. A canza PCV da tiyonsa, abu ne mai araha da ake yawan mantawa. A samfurin 2001 zuwa 2003 mai VVT-i, tsarin da ke amfani da mai wajen sauya lokacin buɗewar bawul, lambar P1349 ko P1354 a na'urar gwaji sau da yawa tana nuna ƙananan ragar da ke gaban bawul ɗin sarrafa mai sun toshe, su ma a ciro su a wanke. Bayan duk wannan ne maganin zai yi amfani, a juye na gaba, don ya kwashe abin da hannu bai kai ba.

A inji mai matsakaiciyar laka kuwa ya cancanci kuɗinsa. Man da zai fito ya fi na kullum baƙi da tsinkewa, ƙarar sama takan ragu, wani lokaci shan mai ma ya sassauta in zoben fistan ne suka maƙale da datti. Amma ba zai gyara shuɗin hayaƙin da ke fita da safe ba, wannan robobin bawul ne suka bushe. Kuma kada ka yi mamaki in yoyo ya bayyana bayan wanki: lakar ce take toshe tsohuwar roba da ta daɗe da mutuwa.

Ka bar tsohon man ya tsiyaye sosai, aƙalla minti 20, ka zuba 5W-30 mai kyau da sabon filta. Wannan man kada ya wuce kilomita 1,000 zuwa 1,500, a sake juyewa, daga nan a riƙe kilomita 5,000 ko wata 6. Filtan da ka cire a juye na biyu ka yanka shi ka buɗe takardar cikinsa a rana. Baƙin gari mai laushi alama ce wankin yana tafiya daidai. Ɓarɓashi mai tauri kamar tsakuwa yana nufin a sauke kwano a duba rariya kafin motar ta sake hawa titi, ƙyallin garin ƙarfe kuma metal ne ya fara ci.