Ciyawar teku da ake ci a Maleshiya

Assalamu alaikum. Yaya, kin ce in riƙa ba ku labarin kayan kasuwar nan Maleshiya, to yau na ciyawar teku na kawo muku.

Noma ta ake yi a tekun Semporna da ke jihar Sabah. Ba huɗa, ba taki. Reshenta ake yankowa a ɗaɗɗaure a jikin doguwar igiya, a sa gorunan roba su riƙe igiyar a saman ruwa, bayan kamar kwana 45 a shiga kwalekwale a kwaso a shanya. A dangin jar ciyawar teku take, ko da yake wata ruwan ƙasa ce, wata kore-kore. In ta bushe sai ta ƙanƙance, gishiri ya yi mata fari fat. A jiƙa ta ta kwana, da safe ta kumbura, tana garas-garas a baki kamar guringuntsi. Kwaɗo ake yi da ita, da lemon tsami da albasa da barkono. In an tafasa ta kuma narkewa take yi, tana hucewa ta daskare.

Daskarewar nan ce ta sa nake ganin girmanta. Abin da ake daskarar da alawa da shi a ƙasashe da yawa daga fata da ƙashin dabba ake samunsa, sau da yawa ma na alade. Wannan kuwa tsiro ne, hankali kwance.

Ɗanɗano dai ba ta da shi, kukarmu da kuɓewarmu sun fi ta nesa ba kusa ba. Inda 'yan Maleshiya suka sha gabanmu shi ne sayarwa. Garin agar-agar na daskarar da alawa, wanda ake yi da 'yar uwar wannan ciyawa, a ƙaramar leda yake a liƙe, da nauyinsa, da ranar lalacewarsa, da tambarin halal na JAKIM, hukumar harkokin Musulunci ta Maleshiya. Namu kayan miya suna buɗe a faranti, ƙura na zuba, ana awo da gwangwani. Abin yana ci mini rai, don kayanmu ba su cancanci haka ba.

Garin nan zai yi miki amfani a sana'arki, Yaya, domin ba ya buƙatar firji, ko babu wuta zai daskare, zafin Kano kuma ba ya narkar da shi. Zan ba mai tahowa. Ki tafasa shi da ruwa da sukari har ya narke sarai, ki sauke sannan ki zuba zoɓo, don in aka dafa shi da tsami ba ya kamawa sosai.