Injin sabunta layin dogo ko aikin leburori: abin dubawa kafin a fitar da kuɗi

Hukumar jiragen ƙasa ko ɗan kwangilar da ke shirin sauya tsohon layin dogo ya kamata ya fara da lissafin nauyin kayan da za a ɗaga. Ƙarfen dogo irin wanda ake shimfiɗawa a manyan layuka yana da nauyin kilo 60 a kowace mita, wato tan 120 a kilomita guda idan an haɗa ɓangarorin biyu. Falankan kankare da ƙarfen ke kwanciya a kansu ana jera su ne da tazarar kusan santimita 60, kimanin 1,660 ke nan a kilomita, kuma kowanne yakan kai kilo 250 zuwa 300. A zamanin falankan katako da gajerun ƙarafa masu noti, ayarin leburori da diga da shebur da jak sun isa su yi aikin, amma kankare da dogon ƙarfen da aka haɗe da walda sun fi ƙarfin kafaɗar mutum.

Babban jirgin sabunta layi, irin wanda Plasser & Theurer na Ostiriya ko Matisa na Suwizalan ke ƙerawa, yana tafiya ne a kan layin da yake sauyawa: ya buɗe tsofaffin ƙarafa gefe, ya kwashe tsofaffin falanka, ya baje tsakuwar da falankan ke zama a kanta, ya jera sababbi, sannan ya ɗora sabon ƙarfe, duk a wucewa ɗaya, yana cin ɗaruruwan mitoci a sa'a. Amfaninsa ya fi bayyana a layin da jirage ke yawan bi, inda ba a samun damar rufe hanya sai 'yan sa'o'in dare. Sai dai tsadarsa ba ta tsaya ga kuɗin saye ba, domin yana buƙatar taragon dakon falanka, da ƙwararrun masu sarrafa shi, da kayan gyara daga kamfanin da ya ƙera shi, kuma ƙaramin ɓangare guda idan ya lalace aikin gaba ɗaya ke tsayawa. Wanda ba shi da dogon zangon aiki na shekara da shekaru gara ya yi haya.

Aikin hannu har yanzu yana da wurinsa, musamman a harabar tasha da gajeren reshen layi da gyaran gaggawa bayan ambaliya, kuma yana samar wa jama'a abin yi. Rauninsa shi ne danne tsakuwa, domin hannu ba ya cusa ta ƙarƙashin falanki daidai wa daida, shi ya sa layin yakan lotsa a wasu wurare har a tilasta wa jirgi rage gudu.

Saboda haka, a ganina, mai ƙaramin jari ya fara sayen injin danne tsakuwa, wanda ke ɗaga layi, ya daidaita shi, ya kuma matse duwatsun da haƙoransa masu girgiza. Idan aka haɗa shi da katafila mai iya hawa dogo wadda ke zare falanki ta saka wani, leburori kuma na ɗaure ƙarafa, an samu kaso mai yawa na ingancin babban injin.

Mai saye a Najeriya kuma dole ya kula da faɗin layi. Tsohon layin Legas zuwa Kano milimita 1,067 ne, na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa milimita 1,435, kuma injin da aka ƙera domin ɗaya ba zai hau ɗayan ba sai an sauya masa ƙafafu. A rubuta faɗin a takardar oda, tare da sharaɗin horar da makanikai da ajiye kayan gyara a cikin ƙasa.