Na'urar ji ta ƙashi: wace iri za a dasa maka?

Tiyatar dasa na'urar ji ta ƙashi ta dace da mutumin da kunnensa na ciki yake aiki amma sauti ba ya isa can: wanda aka haifa da ramin kunne a toshe, mai kunnen da ke yawan fitar da ruwa har ba ya iya sa na'urar cikin kunne, haka kuma ta dace da wanda kunnensa ɗaya ya mutu amma ɗayan yana ji. Na'urar tana girgiza ƙashin kai ne, girgizar ta wuce kai tsaye zuwa kunnen ciki. An fara dasa ta a Gotenbag ta ƙasar Suwidin a 1977.

Kafin a taɓa ka da wuƙa, ka nemi a ɗaura maka na'urar da maɗauri ka yi kwanaki da ita. Wanda bai ji amfaninta a gwaji ba, da wuya tiyata ta gamsar da shi.

Iri na farko shi ne mai ƙusa a waje, kamar Baha Connect da Ponto. Ana dasa ƙusar ƙarfen taitaniyom mai tsawon milimita 3 ko 4 a ƙashin bayan kunne, kanta ya leƙo ta fata, a maƙala na'urar a kai. Aikin ba ya kai awa ɗaya, sau da yawa allurar kashe wurin ta wadatar ga babba. Sai a jira makonni, wani lokaci har wata uku, ƙashi ya kama ƙusar. Tunda babu fata a tsakani, sauti ba ya raguwa, kuma mafi ƙarfin na'urorin suna ɗaukar raunin kunnen ciki har desibel 65 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne da ake auna raunin ji da shi). Wahalarsa fata ce. Dole a tsaftace gindin ƙusar kullum, in ba haka ba sai ja, kumburi, ko fata ta rufe ta. Ƙusar kan iya fita idan ƙashi bai kama ba, musamman ga mai shan taba, mai ciwon suga da bai daidaita ba, ko wanda aka taɓa gasa wa ƙashin da haske saboda ciwon daji.

Na biyu mai maganaɗisu ne a ƙarƙashin fata, kamar Baha Attract. Babu rauni a buɗe, amma girgizar tana ratsa fata, siraran sautuka su ragu, kuma matsin maganaɗisun kan sa ciwo.

Na uku, irin su Bonebridge da Osia, shi kansa injin girgizar ake binnewa a ciki, na'urar waje kuwa sauti kawai take ɗauka ta tura masa. An samu rufaffiyar fata ba tare da asarar sauti ba. Sai dai tiyatar ta fi girma, yawanci da maganin barci, kuɗin ya fi yawa, kuma in na cikin ya lalace sai an sake buɗewa. Iyakar Bonebridge desibel 45 ce, ta Osia 55. Mai jin da ke ci gaba da raguwa ya yi hattara a nan, don zai iya wuce ƙarfin na'urar.

Batun hoton MRI ana yawan manta shi. Ƙusar taitaniyom ba ta hana hoto, cire na'urar waje kawai ake yi. Mai maganaɗisu kuwa yana jefa baƙin inuwa a hoton kai, kowane samfuri da iyakarsa. Wanda ake bin ƙwaƙwalwarsa da hoto ya faɗa wa likita tun farko.

Yaron da bai kai shekara biyar ba ƙashinsa bai yi kauri ba, sai maɗauri ko ADHEAR mai manne a fata, kuma kada a jinkirta, domin lokacin koyon magana ne. Mai kunne ɗaya kuma ya sani: zai ji mai magana ta ɓangaren da ya mutu, amma gane inda sauti ya fito ba zai dawo ba, don haka ya fara gwada na'urar CROS, mai ɗaukar sauti daga kunnen da ya mutu ta tura wa mai ji, wadda ba ta bukatar tiyata.