Ruwan burtsatse ko na kogi: wanne ya fi wa kifi?

Masu kiwon tarwada sun fi amincewa da burtsatse saboda ruwansa garau yake. Sai dai ido ba ya ganin sinadarin fulorayid, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ya fi ɗebo shi daga duwatsu, kamar yadda ya nakasa yara a Tibiri ta jihar Maradi. Idan fulorayid ya yi yawa a ruwa, kifi kan daina cin abinci, ya yi kasala, ya riƙa iyo a birkice, sannan ya mace. Zafin ruwa na ƙara wa fulorayid dafi, sinadarin kalsiyam da ke cikin ruwa kuwa na rage shi.

Kogi yawanci fulorayid ɗinsa kaɗan ne, sai fa in masana'antar takin fosfet ko ta alminiyam na zubo masa dagwalo. Ni dai burtsatse zan zaɓa, amma sai an auna ruwan tukuna.