Tukunyar baƙin ƙarfe mai araha: abin da na gani bayan wata takwas ina gasa burodi a cikinta

Na daɗe ina zargin hannuna. Kwaɓin yakan tashi yadda ake so, ya cika kwano har ya taɓa murfi, amma da na sa shi a tanderu sai burodin ya fito a baje, fari fat, ɓawonsa a bushe kamar kwali. Na sauya fulawa, na sauya yis, na ƙara ruwa, na rage. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Tururi ne babu.

Manyan tanderun masu sana'ar burodi suna fesa tururi a farkon gashi, na gida kuwa fitar da danshi yake yi. A minti 15 zuwa 20 na farko ne kwaɓi ke yin kumburinsa na ƙarshe, kuma idan fatarsa ta bushe da wuri sai ta zame masa ƙaramar riga, ya rasa inda zai faɗaɗa. Tukunya mai murfi tana maganin wannan ba tare da an zuba ko ɗigon ruwa ba: danshin da ke fita daga kwaɓin shi ke taruwa a ciki ya hana fatar ƙanƙamewa, shi ne kuma ke sa ɓawon ya yi sheƙi daga baya. Dabarar ta bazu sosai a 2006, lokacin da Mark Bittman ya rubuta a jaridar New York Times yadda Jim Lahey, mai gidan burodi a birnin New York, ke gasa burodin da ba a murza shi ba a cikin rufaffiyar tukunya mai zafi.

Da na shiga neman tukunya, sunaye uku na yi ta cin karo da su. Akwai Le Creuset da aka kafa a Faransa a 1925, da Staub wanda shi ma na Faransa ne, sai Lodge na jihar Tennessee a Amurka, wanda ke zubin ƙarfe tun 1896. Na Faransan nan biyu kyau kamar a ajiye su a falo, kuɗinsu kuwa ya ninka na tukunyar da ba ta da suna sau da yawa. Ban tashi sayen kayan ado ba, burodi nake so, don haka na nufi ɓangaren masu araha.

Ta farko da na saya ja ce, mai shafen tangaran ciki da waje, tana cin lita 5. Shafen nan gilas ne da aka narka a jikin ƙarfen, shi ya sa ba ta tsatsa kuma wankinta ba wuya. Burodin farko da ya fito daga cikinta sai da na tsaya ina kallonsa: ya tashi, ya tsage a inda na yanka shi, yana ƙaras-ƙaras shi kaɗai yana hucewa. Amma a gashi na uku wani wari ya cika ɗakin girki. Marikin murfin na roba ne mai tauri, ni kuma ina kai wuta digiri 240. Ya tsage gida biyu. Laifina ne rabi, don da na duba kwalin daga baya na tarar an rubuta iyakar zafin da marikin ke ɗauka, da ƙananan baƙaƙe a can ƙasa. Gyaran bai ci mini komai ba, kusa ɗaya ce ke riƙe da shi, na kwance na sa na ƙarfe. Duk mai sayen irin wannan, ya fara duba marikin kafin ya dubi launi.

Abin da ya kashe ta daban ne, kuma wannan kam nawa ne gaba ɗaya. Wata rana ina sauri na ɗauke ta da zafinta na tara mata ruwan sanyi. Na ji ƙas! Gilas da ƙarfe ba sa tsukewa tare, sai shafen ya yi zane-zane kamar saƙar gizo, bayan 'yan makonni ya fara ɓallewa a gindi. Tun kafin nan ma cikinta da yake fari ya riga ya koma ruwan ƙasa saboda ɗumama ta da nake yi babu komai a ciki. Tabon bai dame ni ba, amma ɓarɓashin gilas a ƙasan burodi ba abin wasa ba ne. Na sauke ta daga aiki.

Ta biyu ita ce dalilin wannan rubutu. Baƙin ƙarfe ce tsura, ba shafe ba fenti, ba ta da sunan da wani zai gane, kuma ta fi ta farkon araha. Gida biyu ce: tukunya mai zurfi da murfi mai faɗi wanda shi kansa kaskon suya ne. A nan daɗin yake. Kife ta nake yi, in ɗora kwaɓin a kan kaskon, sannan in rufe shi da mai zurfin kamar hula. Wanda ya taɓa ƙoƙarin sauke kwaɓi mai laushi cikin tukunya mai zurfi da ta kai digiri 240 ya san abin da nake nufi. Ko dai ka sake shi daga sama ya faɗi ya sace, ko ka zura hannu bakin tukunyar ya yi maka tambari a tsintsiyar hannu. Ina da irin tambarin nan guda biyu daga jar tukunyata. Tun da na koma wannan ban ƙara samun ko ɗaya ba, kuma yanka kan burodin da reza ya zo da sauƙi tunda ba bangon da ke tare hannu.

Don in cire wa kaina kokwanto, na ari ɗaya daga cikin masu tsadar nan a wurin wata 'yar'uwata. Kwaɓi ɗaya na yi, fulawa kilo 1, ruwa giram 700, gishiri giram 20, yis ɗan kaɗan, ya kwana yana tashi, na raba shi biyu daidai a sikeli. Kowace tukunya ta yi minti 45 tana ɗaukar zafi, minti 20 a rufe, minti 22 a buɗe. Da na jera burodin biyu a tebur ba wanda ya iya nuna wanne ya fito daga wacce, har mai tukunyar. An ce araha ba ta ado, kuma gaskiya ne, tawa ba ta da adon komai, jikinta ma da ɗan kaushi. Amma aikin da burodi ke nema wurin tukunya biyu ne kacal, ta riƙe zafi ta kuma tsare tururi, kuma ƙarfe mai kauri yana yin wannan ko wane suna aka buga masa a gindi. Kuɗin da ake ƙarawa a kan masu tsada na laushin shafe ne da kyan gamawa, abubuwan da suke da amfani ga mai dafa miya mai tsami irin ta tumatir, wadda ke cinye man da ya gasu a jikin ƙarfe tsura yake kare shi daga tsatsa.

Ba wai ba ta da aibu ba. Nauyinta ya haura kilo 5, kuma ɗaga wannan nauyi da zafinsa, da safar hannu mai kauri, ba aikin mai ciwon wuyan hannu ba ne. Tana ƙona gindin burodi idan aka sake, domin baƙin ƙarfe yana zuba zafi kai tsaye ga abin da ya taɓa shi. Sau huɗu ina kankare baƙi da wuƙa kafin na gano in sa farantin gashi a layin da ke ƙarƙashinta, in kuma shimfiɗa takardar gashi. Sannan tana tsatsa. Sau ɗaya na wanke ta na bar ta ta bushe da kanta, da safe na tarar da ja-ja a bakinta. Na goge da soson ƙarfe, na shafa mai kaɗan, na goge shi har kamar ban shafa ba, na kife ta a tanderu awa ɗaya. Man da ya gasu a jikinta shi ne rigarta. Yanzu ma ba na wanke ta bayan burodi, kakkaɓe garin kawai nake yi in ta huce. Akwai kuma wutar da ɗumama ta ke ci, shi ya sa nake gasa biyu a jere duk ranar da na kunna tanderu.

Game da girma, tawa lita 3 ce da ɗan ɗoriya, kuma burodin fulawa giram 500 ya cika ta dam, wani lokaci kansa har ya taɓa rufin. Mai son ya wuce haka ya nemi mai lita 5, mai faɗin santimita 24 zuwa 26. Wadda ta yi girma da yawa tana barin kwaɓi mai ruwa ya baje. A kuma auna cikin tanderun kafin a saya, har da tsawon marikai, don na ga wanda tasa ta hana ƙofa rufuwa.

Idan tukunyar tana gabanku, ku ɗora murfin ku danna gefe-gefe. In yana rawa, tururi zai tsere ta nan, ku ajiye ta ku ɗauki wata, don a cikin masu araha ko 'yan kwali ɗaya ba sa zama daidai. Ku duba kunnuwanta ko za su ɗauki yatsu da safa a hannu. Ku kuma tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu, saboda akwai tukwanen alminiyom da ake yi wa baƙin shafe su yi kama da ƙarfe. Maganaɗisu yana manne wa ƙarfe, ba ya kama alminiyom, ko da yake rashin nauyin ma yakan tona asirinsu.

Jar tukunyar tana nan ban yar ba, albasa nake ajiyewa a ciki. Baƙar kuwa ba ta ma fita daga tanderu, can take kwana, kuma kullum ƙara baƙi da santsi take yi.