Basys 3 ko DE10-Lite: wanne ya dace da mai fara koyon FPGA a Damagaram?

Ƙanena, kan tambayarka tsakanin Basys 3 da DE10-Lite, alluna biyu na koyon FPGA (guntun lantarki da kai kake tsara haɗin cikinsa ta kwamfuta), ka ɗauki DE10-Lite.

Allon kamfanin Terasic ne, da guntun FPGA mai suna MAX 10 da agogo mai 50 MHz. Makunnai 10, fitilun LED 10, maɓallai 2, da gidajen lamba 6 masu sanda bakwai-bakwai. Gidajen lambar nan su ne daɗinsa ga mai koyo: kowace sanda da ƙafarta kai tsaye zuwa guntu, ka ba ta 0 ta kama, ka ba ta 1 ta mutu. A ranar farko sai ka ga ƙirgarka tana tafiya. Maɓallan ma 0 suke bayarwa idan an danna, kar ka ɗauka sun lalace.

Wurin ƙara kaya kuwa, yana da layin ƙafafu 40, 36 daga ciki naka ne, ga kuma mazauni irin na Arduino Uno (ƙaramin allon koyon lantarki) mai hanyoyin analog 6. Ke nan ƙananan kayan Arduino da ake kawowa daga Kano za su yi maka aiki da 'yan wayoyi kawai. Amma a nan ake asara. Siffar Uno ce, wutar ƙafafun kuwa 3.3V ce, ba 5V ba. Na'urar auna nisa HC-SR04 tana maido da 5V ta ƙafar Echo. Ka sa rezistans 1k a jere, da 2k zuwa GND (ƙafar 0V), kafin ta shiga allo. In ba haka ba, ƙafar na iya ƙonewa, kuma ba ta gyaruwa. Da hunturu, wutar da ke taruwa a jiki na iya lalata guntu, don haka ka taɓa ƙarfe kafin ka kama allon, ka riƙe shi ta gefe.

Basys 3 ba laifi. Makunnai 16, LED 16, maɓallai 5, da ramin USB na kibod, wanda DE10-Lite ba shi da shi. Sai dai lambobinsa 4 layin sanda ɗaya suke rabawa, dole ka rubuta abin da zai riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya. Ramukansa 4 na ƙara kaya irin na Pmod ne, ba na Arduino ba, kayansu sai an yi oda. Ga Vivado, manhajarsa, ta fi Quartus Lite, manhajar DE10-Lite, cin intanet da wahalar da kwamfuta nesa ba kusa ba. In malaminku da Vivado yake koyarwa, to ka bi shi ka ɗauki Basys 3.

Ka yi hattara da 'yan kasuwa. Wasu kan miƙa ƙaramin allo mai EPM240 su ce FPGA ne, alhali CPLD ne, wani guntu da bai kai FPGA girma ba. Wasu kuma allo mai tsohon guntun Cyclone II, wanda sai Quartus 13.0 SP1 ko na baya yake gane shi. Ka karanta rubutun kan guntu, in DE10-Lite ne, 10M50 za ka gani. A jona shi da kwamfuta a gabanka, Quartus ya gan shi, ka gwada kowane makunni kafin kuɗi su fita daga aljihunka.